Kibod Ɗin da Ya Sa Aka Zargi Matar Yaya

Akwai wani saurayi da kowa a gidansu ke kira Auta, duk da gemu ya riga ya fito masa. Yana aiki a wani ƙaramin shagon buga takardu a bakin titi. Ya taɓa shiga makarantar koyon kwamfuta, bai gama ba, amma ɗan abin da ya tsinta ya ishe shi ɗaga kafaɗa a gida. Duk wanda wayarsa ta rikice, Auta ake nema.

Yayansa mai ɗaukar bidiyon biki ne. Ya ɗauki fuskokin mutane ba adadi, amare da angwaye da 'yan rawa, amma shi kullum yana bayan kyamara. Ko hoto aka ce ya tsaya, sai ya ce, "Ni ne mai ɗauka, wa zai ɗauke ni?"

Wata rana yana dawowa daga aiki motarsu ta yi hatsari. Bai kai asibiti ba. Wayarsa da kyamararsa duk suka farfashe a wurin.

Ya bar mahaifiyarsu, ya bar Auta, ya bar matarsa da tsohon ciki.

Bayan masu gaisuwa sun ɗauke ƙafa, aka naɗe tabarmi, gida ya yi wani irin faɗi. Takalmin Yaya yana nan a bakin ƙofa, ba wanda ya iya kawar da shi. Mama, wadda idanunta suka fara rauni, ta daina cin abinci sosai. Wata safiya tana zaune a falo ta ce, kamar da kanta take magana:

"Muryarsa ce ke ɓace mini. Fuskar ina ganinta. Muryar ce idan na nema sai ta zame."

Matar Yaya ta tashi ta shiga ɗaki. Ta fito da kwamfutar mijinta ta hannu, da wata 'yar ma'ajiya baƙa mai girman tafin hannu, da igiyarta. Yaya yana kiranta rumbu. A ciki yake adana bidiyon gida, 'yan kaɗan ɗin da ya yarda aka ɗauke shi, har da waɗanda yake yi wa cikin magana yana dariya. Babu su a ko'ina sai a nan.

Rumbun yana da kalmar sirri. Yaya ya sayi mai tsauri ne saboda yana ajiye bidiyon matan mutane a ciki. Idan aka yi ta saka kalmar da ba daidai ba, rumbun yana goge kansa gaba ɗaya, ko ƙura ba ya bari.

"Na san kalmar," in ji Matar Yaya. "Shi ya koya mini. Kwamfutar ce ta ƙi tashi tun kafin rasuwar. Yana ta cewa zai kai ta gyara."

"Gyaran me, ga ni a gida?" Auta ya ce.

"Da ka bari abokin aikinsa ya dawo daga tafiya. Shi ya san kanta."

"Matar Yaya ke nan. Idan wayarki ta lalace ni ne injiniya, yau kuma na zama yaro?"

Ta ɗan yi murmushi, karon farko tun rasuwar. "Injiniyan da ya goge mini lambobin waya?"

"Wancan tsautsayi ne."

Ya sa kwamfutar a jaka ya tafi da ita shago. Rumbun ya bar mata.

A shago ya duba ya ga sistem ɗinta, wato babbar manhajar da ke tada kwamfuta, ya lalace. Ya yanke shawarar zuba sabo. Madannan kwamfutar Yaya ƙanana ne, don haka ya jona babban kibod ɗin shago da ya saba da shi. Ga mutane suna jira a buga musu takardu, ga Oga mai shagon yana ƙwala masa kira. Duk tambayar da kwamfutar ta yi masa, sai ya danna gaba. Ta tambaye shi harshe, gaba. Ta tambaye shi tsarin kibod, gaba, bai ko karanta ba. Kafin la'asar ta tashi fes kamar sabuwa.

Ya koma gida yana tafe yana jin kansa.

Aka taru a falo. Mama ta gyara zama, ta ɗaura ɗankwali sabo kamar mai jiran baƙo. Matar Yaya ta zauna a kan kujera da ƙyar saboda nauyin ciki, aka ɗora mata kwamfutar a kan ƙaramin tebur. Auta ya jona rumbun. Wani ɗan akwati ya fito a allo yana neman kalmar sirri.

Ta yi bismillah. Ta dinga kallon madannai tana danna su ɗaya bayan ɗaya da yatsa guda. A cikin akwatin ba haruffa ke fitowa ba, ɗige-ɗige ne baƙaƙe, kamar yadda aka saba.

Jan rubutu ya bayyana. Ba daidai ba.

"Kin kuskure wani harafi," Auta ya ce. "Sake."

Ta sake, a hankali. Ja.

Ta goge tafin hannunta da zani ta sake. Ja.

"Ya buɗe?" Mama ta tambaya.

"Yanzu, Mama."

Auta ya durƙusa kusa da ita. "Faɗa mini, ni in saka."

Ta yi jim, domin kalmar tsakaninta da mijinta ce. Sannan ta raɗa masa a kunne. Shi ma da yatsu biyu yake rubutu, yana kallon madannai. Ya saka. Ja. Ya sake da babban harafi a farko. Ja. Ya sake da sauri, cikin fushi, kamar mai buga ƙofar da aka ƙi buɗewa.

"Auta, tsaya," ta ce. "Ko wani abu ya canza a kwamfutar tun da ka taɓa ta?"

Maganar ta soke shi. A gaban Mama kuwa.

"Kwamfuta ba ta ƙarya," ya ce. "Abin da aka ba ta shi take karɓa. Aikina lafiya lau yake. Kalmar ce ba ita ba."

"Wallahi ita ce."

"To me ya hana ta buɗe?"

Ya sake gwadawa. Wannan karon ba ja kaɗai ya fito ba. Wani gargaɗi ya cika allon: idan aka ƙara kuskure ko sau ɗaya, duk abin da ke cikin rumbun zai goge.

Auta ya janye hannunsa daga madannai.

Abin da ya taru a ƙirjin Auta tun ranar da ya ga Yaya a kwance, wanda bai samu inda zai sauke ba, shi ya taso masa. Ya juya kanta.

"Ƙasar kabarinsa ba ta bushe ba, har kin manta."

"Auta!" Mama ta ce.

"A'a Mama, bari in faɗa. Ko dai ta manta, ko kuma ba ta so mu gani. Mijinta ne ita kaɗai, mu ba ɗan'uwanmu ba ne. Ki faɗi gaskiya mana, idan rowarsa kike mana."

Matar Yaya ta dube shi, ta dubi allon. Ta dafa tebur ta miƙe, hannu ɗaya a ƙugu, ta shiga ɗaki ta tura ƙofa a hankali. Da ta buga ƙofar da ƙarfi da ya fi masa sauƙi.

Mama ta kwance sabon ɗankwalin ta ninke a cinya.

"Magana zarar bunu ce," ta ce. "Ka zare."

Washegari da safe yayar Matar Yaya ta zo da mai keke napep. Ta gaida Mama da ladabi, ta ce za ta tafi da ƙanwarta ta ɗan huta a wajenta, tunda haihuwa ta matso. Ba ta dubi Auta ba. Matar Yaya ta fito da jaka ɗaya, idanunta sun kumbura. Ta ajiye rumbun a kan tebur a gaban Mama.

"Ga shi, Mama. Don kar a ce na tafi da shi."

A bakin ƙofa ta tsaya, ta ce da murya ƙasa-ƙasa, ba da kowa ba: "Wataƙila na manta ɗin ne. Tun rasuwar kaina ba daidai yake ba."

Auta ya ji. Ya ɗauke kai.

Ya ɗauki kwamfutar da rumbun ya tafi shago, da niyyar ya bincika yadda ake fasa irin wannan makulli ba tare da kalma ba. Ya tarar Oga ya ɗauke babban kibod ɗin yana aiki da shi.

"Oga, ara mini kibod."

"Taka ba ta da hannu ne? Yi da nata."

Ya buɗe wurin bincike na intanet. Ya sa yatsunsa a kan madannan Yaya, waɗanda tsakiyarsu ta yi sheƙi saboda yawan taɓawa. Ya rubuta "yadda ake", ya ɗaga kai ya dubi allo.

Abin da ya gani shi ne: yqddq qke.

Ya goge. Ya danna madannin da aka rubuta wa A. Q ta fito. Ya danna Q, A ta fito. Ya danna Z, W ta fito. Ya danna M, wata alama ta fito, ba ma harafi ba.



Ya karkata kwamfutar zuwa hasken ƙofa, ya dubi madannan da kyau, abin da bai taɓa yi ba. Ya dubi na Oga. Ba jeri ɗaya ba ne. Yaya ya sayi kwamfutar ne bayan an yi amfani da ita, daga cikin waɗanda ake shigowa da su daga waje, daga ƙasar da suke jera haruffansu daban. Tsohon sistem ya san da haka, an saita shi a kan jerin. Sabon da Auta ya zuba bai sani ba. An tambaye shi, ya danna gaba. Jiya a shago komai ya tafi daidai saboda da kibod ɗin Oga ya yi aiki.

Kenan duk lokacin da Matar Yaya ta danna harafin gaskiya, kwamfutar wani take aikawa. Ɗige-ɗigen nan kuma suka rufa asirin kuskuren.

"Lafiya?" Oga ya tambaya. "Ka yi fari kamar takarda."

"Oga, na yi ɓarna."

"Ta lalace?"

"Ba ita ba."

Gyaran kansa ba wani abu ba ne, shi ya fi yi masa ciwo. Ya shiga saituna, ya buɗe ɓangaren harshe da kibod. Ga tsarin da ya zaɓa da gaggawa yana zaune shi kaɗai. Ya danna ƙara sabo, ya bi jerin yana duba hoton kowane tsari har ya samu wanda ya yi daidai da abin da ke rubuce a madannan Yaya. Ya ɗora shi a sama, ya cire na kuskuren gaba ɗaya don kar ya dawo da kansa. Ya kashe kwamfutar ya kunna. Ya buɗe farin shafi, ya bi madannai layi-layi, haruffa da lambobi, kowanne yana fitowa da fuskarsa.

Kafin ko ruwan shayi ya tafasa, ya gama gyaran.

Ya jona rumbun. Akwatin ya fito, gargaɗin yana nan a ƙasansa. Kalmar tana kunnensa tun jiya. Zai iya sakawa yanzu, ya koma gida da muryar Yaya a jaka, ya ce wa Mama ya yi dabara ya buɗe. Ba wanda zai san komai. Matar Yaya kuma ta ci gaba da zama da tunanin ta manta.

Yatsansa ya tsaya a kan harafin farko.

Sai ya tuna shi a raɗa ya ji kalmar, cikin fushi. Bai san ko da babban harafi take ba, bai san ko akwai tazara ba. Jiya ma ya tabbata da kansa haka.

Ya zare igiyar. Ya roƙi Oga izini, ya fita.

Gidan yayar Matar Yaya yana hawa na biyu a wani dogon gini. Ya hau matakala jakar na bugun bayansa. Yayar ce ta buɗe ƙofa, ta tsaya a tsakiya ba ta matsa ba.

"Ina wuni, Anti."

"Lafiya. An manta wani zagin ne aka aiko ka da shi?"

"Haƙuri na zo bayarwa."

"Haƙuri? Yarinyar nan tun da muka zo ko ruwa ta ƙi sha. Tana zaune tana zana kalma da yatsa a kan zaninta, tana tambayata wai ko mutum yana iya manta abin da mijinsa ya koya masa. Mace da ciki wata tara. Kai wane irin ƙanin miji ne?"

Auta ya sunkuyar da kai. "Duk abin da kika ce na cancanta. Ki bar ni in nuna mata abu ɗaya, sai in tafi."

Daga ciki wata murya ta ce, "Bar shi ya shigo, Anti."

Tana zaune a kan katifa a ƙasa, ta jingina da bango, ƙafafunta sun kumbura. Auta ya durƙusa daga nesa. Ya faɗa mata komai, bai rage ba: kibod ɗin shago, tambayar da bai karanta ba, haruffan da suka juya.

"Kin tambaye ni ko wani abu ya canza," ya ce. "Ya canza. Ni na canza shi. Ki yafe mini, Matar Yaya."

Ta daɗe tana kallon jakar.

"Ka tabbata?"

"Na gyara. Saura ki saka."

Ta girgiza kai. "Ba zan iya ba. Jiya da safe na san kalmar kamar sunana. Yau idan na faɗe ta a zuciya sai in ji kamar ba ita ba. Idan na saka ya goge fa? Me zan nuna wa abin da ke cikina? In ce masa ni na share ubansa?"

Nan ne Auta ya ga girman abin da ya yi. Kwamfutar ta gyaru tun a shago. Wannan kuwa babu saitin da zai shiga ya danna.

Ya fito da kwamfutar, bai jona rumbun ba. Ya buɗe farin shafi ya tura mata a kan katifa.

"Nan ba makulli, ba ɗige-ɗige. Ko kin yi kuskure ba abin da zai goge. Kar ki yi tunani, ki bar hannunki ya yi. Ni zan juya baya."

Ya juya yana fuskantar bango. Ya ji shiru. Sannan ya ji ƙarar madannai, a hankali, ɗaya bayan ɗaya. Sai shiru kuma. Sai ta sake, wannan karon da ɗan sauri.

Sai ya ji numfashinta ya karye.

"Ita ce," ta ce. "Anti, zo ki gani. Ita ce. Ashe ban manta ba."

Kukan da ta yi ba irin na ranar rasuwa ba ne. Anti ta rungume ta tana bubbuga bayanta, tana hararar Auta ta saman kafaɗa.

Da ta lafa, ta share fuska da gefen mayafi ta ce ya jona. Akwatin ya fito da gargaɗinsa. Ta ɗora yatsa, ta tsaya.

"Kira Mama tukuna. Ba zan ji shi ita ba ta ji ba."

Auta ya sauka da gudu ya samo abin hawa, ya je gida ya ɗauko Mama. Ya hau da Mama matakalar nan tana riƙe da hannunsa, tana hutawa a kowace kwana. Aka zaunar da ita kusa da surukarta. Mama ta lalubi hannunta ta riƙe.

Matar Yaya ta yi bismillah ta saka kalmar. Ta danna.

Allon ya tsaya kamar ba zai motsa ba. Sannan jerin bidiyo ya zubo.

Ta taɓa na farko. Hoton yana rawa. Ga ƙirjin mutum da farar riga, ga haɓa, kan ya fita daga allo. Sai murya ta cika ɗakin, da dariya a cikinta:

"Auta, ɗaga kyamarar mana! Ka yanke mini kai. Kai komai sai ka yi shi da gudu?"

Mama ta saki wani sauti, ta kai hannu wajen allon kamar za ta shafa.

A cikin bidiyon Yaya ya matso, ya kama kyamarar da hannu biyu ya gyara ta. Fuskarsa ta cika allon, har ana ganin zufa a goshinsa.

"Yauwa. Haka. A hankali, ƙanina."

Auta ya tashi ya fita baranda. Ya riƙe ƙarfen da hannu biyu, ya yi kukan da bai yi ba tun ranar da aka kawo labari.

Matar Yaya ta yafe masa a ranar, da bakinta ta faɗa. Amma ba ta koma gidan ba. A wajen yayarta ta haihu, a can ta zauna. Idan Auta ya je ganin jaririn tana karɓarsa da mutunci, ta kawo masa ruwa, ta tambayi lafiyar Mama. Wasan da ke tsakaninsu ne bai dawo ba. Yana gaishe ta, tana amsawa, shi ke nan.

Darasi: Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Kafin ka ce ɗan'uwanka ya yi ƙarya ko ya manta, koma ka duba abin da hannunka ya taɓa. Kuskuren na'ura ana gyara shi kafin a gama gaisawa, amma kalmar da ka jefi mai baƙin ciki da ita tana iya sa ya daina yarda da kansa, kuma ko ya yafe, ba komai ke komawa mazauninsa ba. Wanda ya taɓa rasa nasa ya san zafin yana neman inda zai sauka. Kar ka sauke shi a kan wanda kuke kuka tare. Ku tura wa 'yan'uwa su karanta, wataƙila akwai mai shirin furta irin wannan magana yau. Allah ya jiƙan waɗanda suka riga mu.